Allurar da Ba Ta Huda Fata

Yayata Mal-sun ta faɗi ne da wuƙa a hannu. Tana tsakiyar gyara wa wata mata kifi a rumfarta ta kasuwar bakin teku a nan Mokpo, sai wuƙar ta suɓuce, bakinta ya karkace, ta sulale ta zauna cikin ruwan ƙanƙara. Rumfata tana kallon tata. Na ɗauka santsi ne ya kwashe ta, har na buɗe baki zan yi mata tsiya, sai na ga idonta yana kallona amma ba ya ganina.

A asibiti aka ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwa. Ta rayu, amma ɓarin dama ya shanye: hannu ba ya motsi, ƙafa sai ja, magana kuma tana fitowa guntu-guntu kamar ana ƙwato ta. Matar da duk kasuwa ke tsoron bakinta, yanzu sai ta yi gumi kafin ta ce ruwa.

Mijinta, Tae-bong, mai ƙaramin jirgin kamun kifi ne, mutum mara yawan magana. Likitan da ya sallame su ya ce masa watannin farko su ne masu muhimmanci, abin da jiki zai dawo da shi yawanci a cikinsu yake dawowa, bayan nan sai a hankali. Likita ya faɗa ne don a dage. Tae-bong kuwa ya ji kamar an yanka masa wa'adi. Ya ɗaure jirginsa, ya daina aski, duk wayewar gari sai ya ɗaga hannun matarsa ya sake shi, ya ga ya faɗo kamar tsumma.

'Yarsu Hyang-mi, da ke aiki a Seoul, ita ta samo labarin wani bincike da ake yi a asibitin jami'a a Gwangju. Suna ɗaukar masu shanyewar ɓarin jiki, suna yi musu gashin ƙashi da motsa jiki sosai, fiye da abin da za a samu a nan, sannan suna haɗa musu da allurar gargajiya tamu, wadda ake tsittsira wa mutum a jiki, don su ga ko haɗin biyun ya fi. Da Tae-bong ya ji maganar allura sai fuskarsa ta washe. Mahaifinsa ya taɓa kwantawa da irin wannan ciwo, wani mai allura na ƙauyensu ya yi ta sukarsa har ya miƙe ya koma gona. Da wannan labari ya girma, kuma bai taɓa shakkarsa ba.

Ni na kai su a motata ta ɗaukar kaya. Shugabar binciken, Likita Pyo, mace ce siririya mai furfura kaɗan a goshi. Ta zaunar da mu ta yi bayani ba gaggawa. Kowa zai sami gashi da motsa jiki iri ɗaya. Amma a wajen allura kashi biyu ne: wasu za a yi musu ta gaske, wasu kuma wadda kanta dakusasshe ne, tana taɓa fata ta koma cikin marikinta, ba ta hudawa. Duk kamarsu ɗaya. Na'ura ce ke raba mutane, ba ita ba. Kuma muddin ana cikin binciken, ba a yarda a yi wani maganin gargajiya a waje ba.

Tae-bong ya dube ta.

"Likita, wato za ku iya yi wa matata allurar wasa?"

"Za ta iya faɗawa wannan kashin, za ta iya faɗawa wancan. Ni kaina ba za a gaya mini ba sai an gama."

"To mene ne amfanin ta wasan?"

"Da ita za mu gane ko ta gasken tana aiki. Har yanzu ba mu tabbatar ba, Baba. Da mun tabbatar, da ba bincike za mu yi ba, kowa za mu yi wa."

"Ni na tabbatar," ya ce.

Ta ce yana da damar ƙin shiga, babu mai ganin laifinsa. Sai Yaya ta buga ƙarfen keken guragun da take kai da hannun hagu. Muka juya. Ta tattaro bakinta da ƙyar ta ce, "Shiga." Aka shiga.

Mai yi mata gashin sunanta Malama Ok, ƙaƙƙarfar mace mai dariya da ƙarfi. Ba ta lallashi. Za ta ɗaura wa Yaya ɗamara a ƙugu, ta tsayar da ita tsakanin ƙarafa biyu, ta ce, "Inna, wannan ƙafar ba aro kika yi ba, taki ce, ɗora mata nauyi." Yaya ta zage ta, zagin ya fito rabi, Malama Ok ta ce, "Madalla, baki ya fara dawowa. Saura ƙafa." Daga nan a tura ta wani ɗaki a ja labule don allura. Can ba a barin ɗan'uwa ya shiga.

Labulen nan shi ya hana Tae-bong sukuni. Muna shiga mota zai naɗe mata hannun riga, ya sa tabaransa, ya bi fatar yana neman huji. Wani lokaci ya ga ɗan jan tabo ya ce, "Gil-ja, duba nan, wannan ai shiga ta yi." Na duba na ce cizon sauro ne. Ya tambayi Yaya ko ta ji suka, ta ce ba ta jin komai a wannan ɓarin, ko an soka ko ba a soka ba. Ya koma tambayar sauran marasa lafiya a ɗakin jira. Akwai wani tsohon direban bas da suka fara tare, wanda cikin 'yan makonni ya soma riƙe cokali. Tae-bong ya tsare shi.

"Kai, da aka yi maka, ka ji zafi?"

"Na ji wani abu kamar tsami-tsami."

"Jini ya fito?"

"Malam, ina kwance ido a rufe, ta ina zan gani? Ka je ka tambayi matarka mana."

Ranar muka kamo hanya har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Shi ya sami ta gaske. Ita aka ba ta ta banza."

Na ce, "Baban Hyang-mi, ciwon kowa daban. Nasa bai kai nata ba tun farko. Kuma ba ka ga jiya ta tsaya da kanta ba?"

"Tsayuwa ba hannu ba ce. Da hannu take ci."

Mako na gaba ya zo da kwalin busasshen kifi, mafi kyau da ke rumfata, ya ajiye a teburin Likita Pyo. Ta gode, ta ce ba za ta karɓa ba. Sai kawai ya durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, a gaban ma'aikata da masu wucewa. Mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ko ashana ba.

"Ban ce ki gaya mini ba," ya ce. "Ki mayar da ita wajen ta gasken kawai. Ba wanda zai ji. Lokaci yana tafiya, Likita. In watannin nan suka wuce, shi ke nan."

Ta taso ta durƙusa ita ma, ta kama kafaɗarsa. Ta ce ba ta san inda matarsa take ba, kuma ko ta sani ba za ta taɓa ba, don in ta yi wa mutum ɗaya, wahalar duk sauran ta tashi a banza. Ta ce in zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya cire ta, ya kai ta wajen mai allura a fili, za ta rubuta masa inda za a ci gaba da gashin a Mokpo. Amma ya san gashin Mokpo bai kai wannan ba, kuma ya ga da idonsa ƙafar tana samuwa a hannun Malama Ok. Ba ya son ya saki wannan, ba ya son ya rasa wancan. Ya tashi ya ɗauki kwalinsa muka fito.

Bayan wannan sai ya yi sanyi. Ya daina duba hannu a mota, ya daina tsare mutane, har aski ya yi. Na ce a raina ya haƙura.

Wata safiya Malama Ok tana miƙar da kafaɗar Yaya, sai ta ji rigar ta manne a baya. Ta ɗaga. Ina tsaye a gefe, na ga abin da ta gani: ƙuna ce zagayayyiya a bayan kafaɗa, wasu ƙanana kewaye da ita, babbar ta yi baƙi a tsakiya tana ruwa, an rufe ta da auduga da ta riga ta jiƙe. Wari ya bugo ni.

Malama Ok ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, zo nan."

Ya zo. Bai yi musu ba. Tazargade ya saya, irin wanda ake murzawa a ɗora a fata a kunna, zafinsa ya ratsa jiki. Allura ya san ba zai iya ba, amma wannan ya ga ana yi wa mahaifinsa. Ya zaɓi bayan kafaɗa don kada a gani. Da farko yana sa yankan citta a ƙarƙashi. Da ya ga shiru sai ya cire cittar, ya ƙara girman curin. Mai lafiya da wuta ta kusa fata zai ce a ɗauke. Yaya ba ta ji, ba ta ce komai ba, shi kuma ya ɗauka tana jurewa ne. Ga ta da ciwon suga. Ƙunar ta ƙi warkewa, ya yi ta shafa mata man shafawa yana jiran ta bushe kafin wani ya lura.

Na juya wajen Yaya na ce, "Kin san yana yi?"

Ta gyaɗa kai.

"Kika ƙyale shi?"

Ta daɗe tana haɗa maganar. "Yana... kuka," ta ce.

A ranar aka kwantar da ita. Ciwon ya ci ciki, zazzaɓi ya rufe ta, sai da aka yanke ruɓaɓɓen naman. Likita Pyo ta zo da kanta ta gaya mana an cire ta daga binciken, ba don hukunci ba, sai don ba za a iya ci gaba da ita a haka ba. Tae-bong yana zaune a bakin gado kansa a ƙasa. Da ta juya za ta fita ya ce, "Tunda an cire ta, yanzu a gaya mini. Ta gaske ce ko ta wasa?"

"Sai an gama da kowa, Baba. Kuma ko an gaya maka, ba zai canza abin da za a yi mata gobe ba."

Makonni Yaya ta yi a kwance. Abin da ƙafar ta samu ya zube. Da aka sallame ta ko zama ba ta iya yi sai an tokare ta da matashi, yatsun hannun kuma sun fara dunƙulewa ciki. Watannin da Tae-bong yake tsoron wucewarsu, rabinsu sun tafi a jinyar ƙuna.

Hyang-mi ta zo daga Seoul. Ba ta yi wa ubanta faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta gaishe shi kamar baƙo, ta wanke uwarta, ta dafa kunun shinkafa, sannan ta kira ni waje kusa da tulunan kimchi, kabejin da muke jiƙawa ya yi tsami.

"Inna, na sami wuri a gidan jinyar tsofaffi, kusa da ni. Ba zan bar ta a hannunsa ba."

"Wanda ya shiga can ba ya fitowa da ƙafarsa, kin sani."

"To wa zai ɗaga ta? Ke da bayanki ke ciwo? Shi da ya gasa ta kamar kifi? Ko banɗaki ba ta iya zuwa, Inna. Jiya a jiƙe na same ta."

Ba mu san taga a buɗe take ba. Daga ciki muka ji an buga wani abu a ƙasa. Muka shiga, kwanon kunu ne ta ture. Fuskarta ta yi ja, jijiyar wuyanta ta tashi.

"Ba... na zuwa."

Hyang-mi ta durƙusa tana kwashe kunun tana kuka. Ta ce, "Mama, to ki taimake ni. In kika iya kai kanki banɗaki kafin sanyi ya shigo, na bar maganar. In ba haka ba, ko kina zagina sai na ɗauke ki."

Ban san abin da zan yi ba, sai na kira Malama Ok. Na ɗauka za ta ce ba ruwanta. Ta ce in zo da Tae-bong ranar hutunta. A wani fili bayan gidanta ta sa ni na zama mara lafiya, ta koya masa yadda ake tayar da mutum ba tare da an ja hannun da ya shanye ba, inda zai sa gwiwarsa, yadda zai ƙyale ta ta yi da kanta ko da zuciyarsa na cewa ya ɗauke ta. Ta haɗa mu da asibitin gashi na nan Mokpo. Ta ce a daina shimfiɗa mata a ƙasa, a sa gado, a kafa ƙarfe a bango. Game da hannu ta faɗi gaskiya: a ci gaba da miƙar da yatsun don kada su ƙage, amma kada a sa rai da yawa.

Tae-bong ya ce, "Da ban yi abin da na yi ba, da hannun ya dawo?"

"Ban sani ba," ta ce. "Wataƙila a'a. Amma ƙafar nan na san tana da sauran rai, don na taɓa jin ta a hannuna. Ita za ka bi."

Ya cire ƙarfen gefen jirginsa ya kafa shi a bango, daga bakin gado har ƙofar banɗaki. Sai dai Yaya ta ƙi yarda ya taɓa ta. Da ya matso sai ta kau da kai. Ni nake rufe rumfa da rana in zo, shi yana tsaye daga ƙofa yana gaya mini abin da na manta. Bayana ya riƙe, wata rana muka zube tare ni da ita a tsakar ɗaki, na kasa tashi balle in tashe ta. Muna kwance muna haki, ta dube ni, ta dube shi.

"Kai," ta ce. "Zo. Mai... wuta."

Ya zo ya ɗaga ta yadda aka koya masa. Tun daga ranar ba ta kiransa da wani suna sai wannan, shi kuma yana amsawa.

Ba a samu da sauƙi ba. Akwai satin da ta ƙi tashi sam, ta juya fuska bango ta ce a kira Hyang-mi a gama. Akwai ranar da ta faɗi ta fasa leɓe. Ganyen bishiyoyi ya yi ja ya fara zuba, iskar teku ta fara cizo, ita kuwa iyakarta rabin ƙarfen, daga nan ƙafar ta ɗau rawa sai an riƙe ta. Hyang-mi tana kira kullum, ba ta tambaya kai tsaye, mu ma ba ma faɗa. Tae-bong ya rame har wandonsa na zamewa. Na taɓa samunsa a bayan gida ya dafa bango yana ja da ƙafarsa ta dama, yana gwada yadda abin yake, don ya gane inda take maƙalewa.

Shi ya gane cewa ba ƙarfi ne ya gaza ba, yatsun ƙafar ne ke kamun ƙasa in ta gaji. Ya gaya wa masu gashi, suka yi mata wani abin roba da ke riƙe idon sawu. Da shi ta wuce rabi.

Hyang-mi ta zo ranar da sanyi ya shigo, aka fara kunna na'urar ɗumama ɗaki. Ta shigo da jakar da ba komai a cikinta sai ninkakkun buhunan da za ta zuba kayan uwarta, duk mun gani. Muka ci abincin rana. Yaya ta ci da hagu, tana zubarwa. Da aka kwashe kwanuka ta zuro ƙafafunta ƙasa, ta kama ƙarfen. Tae-bong ya yunƙura, ta harare shi, ya koma ya zauna a kan hannayensa.

Yunƙurin farko ta koma zaune, ta tashi a karo na biyu. Ta tafi tana jan ƙafar, hannun dama na lilo a gefenta a dunƙule. A tsakiya ta tsaya, gwiwar tana rawa, gumi na ɗiga daga haɓarta. Hyang-mi ta toshe bakinta. Na ji kamar in rufe ido. Yaya ta zagi ƙafar, zagi cikakke irin na kasuwa, har da uwarta, ta ja ta gaba. Da ta kai ƙofa sai ta jingina kafaɗa, ta tura, ta shiga. Tae-bong ya biyo ta don ya riƙe ta ta zauna, ta rufe ƙofar a fuskarsa.

Muka tsaya mu uku muna sauraro. An daɗe. Sannan muka ji ruwa ya zubo.

Hannun bai dawo ba har yau. Hyang-mi ta kwana biyu ta koma Seoul ita kaɗai, bayan ta sa ubanta ya yi mata alkawari a gabana cewa ko man zafi ba zai shafa wa uwarta ba sai ya tambayi likita. Da bazara ya kwance jirginsa, yana fita da safe ya dawo kafin azahar, don Yaya ta ce ta gaji da ganin fuskarsa yini guda.